Bangon Yaya

Da a ce 'ya'yana ba a wancan ƙetaren suke kwana ba, da zan hau katafilar nan in ɗaga hannunta a kan bangon Yaya? Na yi wa kaina wannan tambayar ina tuƙi, na yi ta ina cin abinci, na yi ta ina zaune ana yi min aski. Wata rana in ce da zan hau, in ji na gamsu, kafin in isa gida amsar ta zube. Ban yi karatu mai zurfi ba. Ɗan abin da na sani a tsofaffin littattafai na tsince shi, da rediyo, da bakin mutane, kuma duk cikinsu babu wanda ya koya min yadda mutum zai auna zuciyarsa alhali da ita yake awon.

Rafi ne ya raba unguwarmu gida biyu. Da rani ba ka ce masa rafi, baƙin ruwa ne mai wari da ledoji, akuya ma tsallake shi take yi. Da damina kuwa sai ya tuna ko shi wane ne. Shekarar da ya shigo mana, ɗakin Baba ya fara ci. Baba ya tsaya cikin ruwa har ƙirji yana miƙo kaya, sanyi ya kama masa huhu, bai ga damina ta gaba ba.

Yaya, wana, birkila ne. Ana gama zaman makoki ya tara mazan layinmu, kowa ya kawo abin da ya samu, ya ja bango a bakin rafin tun daga tsohuwar gada har kwanar kasuwa. Damina ta dawo, ruwa ya bugi bangon, ya rasa hanya, ya juya ya shiga gidajen ƙetare. Su ma suka gina nasu, suka ɗara namu da sahu ɗaya na bulo. Yaya ya ƙara biyu. Daga nan abin ya zama sana'a. Kowace shekara kafin hadari ya fara haɗuwa, mata masu shanya a kan rufi su ne 'yan rahoto: “Sun ƙara!” Sai a kwaɓa siminti. Ba wanda ya taɓa tsallakawa ya zagi wani. Ana gaisawa a kasuwa, ana zuwa jana'izar juna, ana kuma ƙara bulo.

Ni kuwa sai na je na auro 'yar ƙetare, 'yar Tela, har na zauna a ɗakuna biyu na bayan gidansa. In na zo gaida Inna, abokan Yaya su ce, “Ga jakada ya iso, ku rufe bangon da zane.” In na koma, surukina ya ɗago kai daga keken ɗinki ya ce, “Sirikina, an auno mu? Nawa muka faɗi?” Dariya ake yi, nima in yi. Amma na lura ko'ina na zauna ana sauya zance.

Da aka matse rafin tsakanin bango biyu, sai ya koma cin ƙasa. Ya yi ta ƙwaƙule ƙafar tsohuwar gada har ta durƙusa, aka hana manyan motoci bi. Kamfanin da ya zo yin sabuwar hanya da sabuwar gada na taɓa tuƙa musu katafila a wani aiki, sai suka sake kirana. Shugabar aikin mace ce, kowa Injiniya yake ce mata, mai tabarau, muryarta a dishe kullum saboda ihu a kan ƙarar janareta.

Ta tara mutanen ƙetare biyu a harabar makaranta. Ta ce gada kaɗai ba za ta yi ba. Bangon nan biyu za su sauka, a kwantar da gaɓar rafin ta yi gangare, a dasa ciyawa mai dogon saiwa da itatuwa, tsohon jujin da ke ƙasan gada kuma a kwashe shi a haƙa tafki, ruwa ya sami wurin zama.

Yaya ya miƙe. “Ranki ya daɗe, ciyawa kika ce? Ruwan da na gani da idona ya ɗauki firji da akuya a kai, shi za a tare da abincin akuyar?”

Aka kwashe da dariya. Surukina ya ce, “Yau dai ni da Birkila bakinmu ɗaya. A rubuta ranar.”

Injiniya ba ta yi gardama ba. Ta sa aka jawo tiyon da ake ba furannin makaranta ruwa. Ruwa na zuba a hankali a ƙasa. Ta danne bakin tiyon da babban yatsa, ruwan ya yi tsalle ya jiƙa wa na gaba riguna. “Wannan yatsan,” in ji ta, “shi ne bangonku.”

Mutane suka yarda, irin yardar da ake yi wa likita a gabansa. Aka kwashe juji, na haƙa tafkin da hannuna, aka kawo dashe a baƙaƙen ledoji aka jera a inuwa. Amma aiki ya yi ta jan ƙafa. Siminti ya makara, ɗaya katafilar ta lalace ana jiran kayanta, har iska ta fara sauyawa. Ginshiƙan sabuwar gada suna tsaye a tsakiyar rafi, kewaye da katako da ƙarafan da ke tallafe da kankare, sun ƙara toshe 'yar hanyar da ruwa ke da ita. Bango biyu na nan. Injin ɗaya ya rage, nawa, kuma yana ɓangaren su Inna.

Ta kira ni ofishinta, wato kwantenar da aka yanka wa taga. Fanka na juya zafi.

“Direba, gobe za ka fara sauke bangon wannan ɓangaren.”

“Na ƙetaren fa?”

“In ka gama wannan, a ɗora ka a tirela a zagaya da kai.”

“In ruwa ya sauko kafin in gama fa? Nan a buɗe, can a rufe. Duk abin da ya zo nan zai shigo.”

“Haka ne,” in ji ta. Ban yi tsammanin za ta amsa da sauri haka ba. “Dole wani ya fara. Nan tudu ne. In ruwa ya kama mu a tsakiya, nan zai kai gwiwa. Can kwari ne, zai kai taga. In kuwa aka bar su duka biyun a tsaye, da ginshiƙan nan a tsakiya, ɗaya zai fashe da kansa, kuma ba zai yi sallama ba.”

“Mahaifiyata ba ta tashi. Gwiwar mai tsaye, ga wanda ke kwance, kai ne.”

“Na sani. A fitar da ita zuwa wani gida kafin a gama.”

Na ciro makullin katafilar na ajiye a kan teburinta. Na ce ta nemi wani. Na ce wana ne ya gina bangon, ubana ne dalilinsa, ba zan zama ɗan da aka nuna a unguwa ba. Ta bar makullin inda na ajiye shi.

“Zan nema. Amma wannan lokacin kowane direba yana kan aiki, zai ɗau kwanaki. Ba zan tilasta ka ba. Ka dai san ƙin da ka yi shi ma aiki ne, yana tafiya ko kana barci.”

Na fita ina jin haushinta, don na so ta yi min tsawa in sami abin riƙewa.

Na tarar da Yaya a kan bango da cokalin gini, yana ƙara sahu. Labari ya riga ni isowa.

“Auta! Yau na san nono ɗaya muka sha.” Ya sauko ya dafa kafaɗata da hannu duk siminti. “Su kawo duk wanda za su kawo. Hannun nan da ya gina shi, wallahi ba zai cire masa ko tsakuwa ba, kuma ina raye ba mai cirewa.”

“Yaya, matar nan fa ba ƙarya take yi ba.”

“Wa ya ce ƙarya take yi? A fara da na surukanka mana. Gaskiyar ba ta iya tsallaka rafi ne?”

Na shiga wurin Inna. Ɗakinta a gurbin na Baba yake, Yaya ya sake gina shi, bayansa jingine da bangon rafin. Tun da ɓarin jikinta ya mutu duniyarta ta koma katifa, da rediyo, da 'yar taga mai kallon tsakar gida. Bakinta kuwa lafiyarsa ƙalau.

“Ka rame. 'Yar Tela ɗinki take ba ka ko abinci?”

“Inna, in an ce ki koma wani gida na 'yan kwanaki...”

“Daga ɗakin nan sai inda ubanku ya tafi. Gyara min filo.”

Da na tsallaka ta kan katakon da aka shimfiɗa wa masu ƙafa, na tarar da matata a ƙofar gida da shebur, tana cika buhu da yashi. Babbar 'yarmu ta riƙe bakin buhun, ƙaramin yana zaune a kan tulin yana cusa yashi a aljihu. Duk layin haka ake yi, ana jera buhuna a kan bangonsu.

“Sannu da zuwa, gwarzo,” in ji ta, ba ta ɗago ba. “An ce ka jefa wa Injiniya makulli a fuska.”

“Ajiyewa na yi.”

“To sannu da ajiyewa.”

“Uwata ce a can, Maman yara.”

Ta soka shebur a yashi. “Waɗannan kuma na maƙwabta ne, aro na yi?”

Surukina yana daga shago yana jinmu. Bai tsayar da keke ba. “Ni ban ce komai ba, sirikina. Da ni ne kai, da ban san abin da zan yi ba. Shi ya sa na gode Allah da ya yi ni tela.”

Kwanakin da suka biyo baya na yi su ne kamar wanda aka dakatar daga makaranta. Ina zuwa wurin aiki, in zauna a inuwar katafila, in kalli leburori suna ba dashen ruwa. Ina ta jujjuya abin. Na ce wa kaina wanda bai taɓa ba bai yi laifi ba. Sai wata zuciyar ta ce, wanda ya ga jariri na rarrafe zuwa rijiya ya naɗe hannu, shi ma bai taɓa ba. Na ce ai uwa ba a haɗa ta da kowa. Sai ta ce, gidajen kwarin can babu uwaye ne? Duk hanyar da na bi sai ta dawo da ni inuwar injin.

Ruwan ya zo da la'asar. Ba wani babban hadari ba ne a kanmu, can sama da gari ya zuba, mu sai ƙararsa muka fara ji yana tahowa kamar tirela a kan gada. Kafin a kwashe kayan aiki rafin ya cika. Ya zo ja wur, da rassa da robobi da ƙyauren wani bawan Allah. Ya tarar da ginshiƙai, ya tarar da bango dama da hagu, sai ya hau sama. Katakon da ke jikin ginshiƙi na tsakiya ya ɓalle da ƙara, wani guntunsa ya make wani lebura a ƙafa, aka jawo shi da igiya yana ihu, ƙafar ta juya inda ba a juyawa.

Na hau kan ɓangaren sabuwar gadar da aka riga aka zuba wa kankare. Daga nan ana ganin bangon biyu kamar tafin hannu. Na Yaya yana tsaye, ruwa saura kamar taki ɗaya ya haye. Yaya ba ya aikin wasa. Na ƙetare kuwa, wanda kowa ya gina gabansa da abin da ya samu, ya yi ciki. Daidai bayan gidan Tela ya kumbura, ruwa na feshi ta tsakanin bulo kamar ta haƙoran mai wushirya. Na hango matata a tsakar gida, ruwa a idon sawunta, tana ɗora ƙaramin a kan teburin yankan yadi da aka fito da shi. 'Yata tana tsaye a kai, da rigarta ruwan ɗorawa, tana kallon bangon. Bangon ya fi ta tsawo sau biyu, kuma abin da ke bayansa ya cika shi.

Na yi ihu. Ko ni ban ji kaina ba.

Sai ruwan ya fara ja da baya. A hankali, kamar wanda ya leƙo ya ga ba a shirya ba ya ce zai dawo. Injiniya tana gefena, hular kwanonta na ɗiga.

“Wannan ba ruwa ba ne,” in ji ta. “Gaisuwa ya zo yi.”

Na bi ta har kwantena. Makullin na nan inda na bar shi, an ɗora masa kofi. Na ɗauka. Ba ta tambaye ni komai ba, ni kuma da ta tambaya ban san me zan ce ba. Lissafinta bai sauya ba. Tudu na nan tudu, kwari na nan kwari, kamar ranar da ta fara faɗa min na ƙi. Abin da ya ƙaru kawai shi ne na ga rigar 'yata.

Da safe na tayar da injin na gangaro da shi layinmu. Sarƙarsa na taka kwaltar da na yi wasa a kai ina yaro. Mutane suka fito ƙofa-ƙofa, ba wanda ya ce min jakada. Injiniya ta ce daga kusa da gada za a fara buɗewa, don ruwa ya sami hanyar gangarawa tafki. Kusa da gada kuwa gidanmu ne.

Yaya yana zaune a kan bango, daidai saman ɗakin Inna, ƙafafunsa na lilo. Na kashe injin na sauko.

“Ina kwana, Yaya.”

“Lafiya lau, direban kamfani. An tashi lafiya a gidan surukai?”

“Ka ga abin da ya faru jiya.”

“Na gani. Na ga bangona ya tsaya, na 'yan kwaɓa da ƙasa ya yi ciki. Laifina ne da na iya aiki?”

“In nasu ya fashe mutane za su mutu.”

“Da namu babu, mutum ya mutu. Ka manta shi? Ko don ba tela ba ne?”

Maganar ta shige ni har ƙashi. Na ce, “Yaya, ka sauko, don Allah.”

Ya yi murmushi, irin wanda ban san shi da shi ba. Ya bubbuga bangon da tafin hannu. “Bari in rage maka wahala. Da na gina ɗakin nan, rodin bangon na lanƙwasa na shigar cikin ginin ɗakin, kowane sahu. Abu ɗaya ne. Ka ja bango, ɗaki ya biyo ka. Inna tana ciki, ta sha kokonta, tana jin rediyo. Bismillah, hau.”

Injiniya ta matso. “Ba a fitar da tsohuwar ba? Jiya mai kantin can ya ce min ya share mata ɗaki a benensa.”

“Ya share,” in ji mai kantin daga cikin taro. “Har na aiko yara da kujera. Birkila ya ce a mayar.”

Sai muryar Inna ta fito ta 'yar tagar, siririya, amma duk layin ya ji.

“Babba. Sauko ka zo. Kai ma Auta.”

Muka shiga. Ɗakin na warin man zafi da danshi. Jikin bangon baya ya jiƙe har rabi, ruwan jiya ya tsattsafo. Rediyon a kashe yake, ban san tun yaushe ba. Yaya ya durƙusa a bakin katifa, ni na tsaya a ƙofa.

“Jiya da ruwan nan ke dukan bayan kaina,” in ji ta, “na ji tsoro. Ban ɓoye maka ba. Na ce ko a kai ni gidan mai kanti. Me ka ce min?”

“Na ce ki zauna a ɗakinki, Inna. Ke kika ce daga nan sai...”

“Na san abin da na ce. Bakina ne. Na tambaye ka abin da kai ka ce.”

“Na ce ba inda za ki.”

“Ni kuma na ji daɗi. Na ce ɗana ba ya son a ga tsiraicina a gidan mutane. Na kwana ina sa maka albarka.” Ta ja numfashi. “Yanzu na ji ka ta taga. Ashe buhun yashi ka mai da ni.”

“Inna!” Muryarsa ta karye. “Don wa na gina shi? Shekara nawa ina zuba guminna a bangon nan? Don wa?”

“Sahun farko don ni ne,” in ji ta. “Na sani, Allah ya sani. Sauran kai ka san don wa.”

Ta miƙo min hannunta mai rai.

“Zo ka ɗauke ni. A hankali, ba buhun siminti ba ce.”

Na juya na durƙusa, matar Yaya ta taimaka aka ɗora min ita a baya, aka rufa mata mayafi. Ba ta da nauyi ko kaɗan, abin ya ba ni tsoro. Na fito da ita tsakar gida, na bi ta soro, mutane suka dare. Na ji wani abu mai kama da sauƙi yana shigata, har na fara tunanin uwata ta ba ni gaskiya. Sai ta kawo bakinta kusa da kunnena.

“Kai ma kada ka ɗauka ban san abin da ya dawo da kai ba.”

Na ci gaba da tafiya.

“Da namu ne ya yi ciki jiya, ni ina kwance a bayansa, da ka tsallaka ka rushe na Tela?”

“Inna, nan tudu ne, can...”

“Ban tambaye ka karatun matar nan ba.”

Matakalar benen mai kanti ƙunci gare ta. Na hau da ita a hankali, ina jin numfashinta a wuyana, ina jira ko amsa za ta zo min kafin mu kai sama. Aka kwantar da ita kusa da taga. Ta ce a juya mata fuska wajen bangon ɗakin, ba ta son gani.

Da na dawo, sama ta fara yin baƙi daga gabas. Injiniya ta dube ta, ta dube ni. Na ce mata ɗakin zai tafi tare da bangon. Ta ce ta ji, ba yadda za a yi, ba lokacin da za a tsaya ana yanka rodi ɗaya-ɗaya sai in akwai wanda ya san inda suke. Matar Yaya da maƙwabta suna ta fito da kayan Inna, katifa, akwati, tsohon agogon Baba da ya daina aiki tun shekarar ruwan. Yaya yana tsaye a tsakar gida, ba ya taimaka musu, ba ya hana su.

Na hau. Na tayar da injin. Na ɗaga hannun katafilar, bokitin ya tashi sama da rufin gidanmu, inuwarsa ta faɗa kan ɗakin. A ƙetare mutane sun hau kan buhunan yashinsu suna kallo. Ban nemi matata a cikinsu ba.

Sai na ga Yaya a gaban injin, yana ɗaga hannu. Na rage wuta na leƙo.

“Sauke abin nan, ɗan banza! Haka za ka kama shi? Ɗakin za ka kai ƙasa gaba ɗaya!”

“Yaya, ba yadda...”

“Rufe min baki.” Ya juya wajen leburorin kamfani da ke tsaye da kayan aiki. “Kai, mai jar hula. Miƙo gudumar nan. Kai kuma kawo zarton ƙarfe, ka tsaya nan, inda na nuna maka nan za ka yanka, kada ka yi min kaifin basira.”

Ya jingina tsani, ya hau kan bangon, ya tsaya daidai inda ya haɗu da ɗakin. Ya shafa wurin da tafin hannu, yana laluben sahun kamar mai neman jijiya. Bai dube ni ba da ya yi magana, amma da ƙarfi ya yi ta, don in ji a kan ƙarar injin.

“In na raba su, ka yi aikinka. Bayan nan kada ka ƙara ce min Yaya.”

Iska ta taso ta ɗaga masa riga. Ya tofa yawu a tafin hannu, ya gyara tsayuwa, ya ɗaga gudumar sama da kansa, ya sauke ta a kan sahun da ya ɗora a makon nan, wanda simintinsa bai gama bushewa ba.